Akwatin katako na agogon lantarki: wane katako ya dace, kuma me za a shafa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, kuma na haɗa agogo da hannuna a kan allon ESP32, wato ƙaramin allon lantarki mai Wi-Fi, yana nuna lokaci tare da lokutan salla bisa lissafin Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya. Na yi masa akwati da katakon suwaidi, wato katako mai laushi na itacen pine, na shafa masa warnish ta waje, amma bayan wata biyu a falo fuskarsa ta tsage daga kusurwar gilashin lambobi, murfin baya kuma ya tanƙware. Wane katako zan sake saya, kuma yaya zan gama shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu je kasuwa, ya kamata ka san abin da ya tsaga akwatin, domin in ba haka ba katako mai tsada ma zai yi maka irin wannan. Katako yana shan laimar iska yana kumbura, yana kuma sakin ta yana motsewa, kuma motsewar tana faruwa ne a faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Ka sayo shi daga shagon da iskar Bahar Maliya ke shiga, ka ajiye shi a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke tsotse danshi dare da rana, sai ya tsuke a kan gilashin da ba ya tsukewa tare da shi. Kusurwa mai kaifi ita ce wurin da ya fi rauni, shi ya sa tsagar ta fara daga can.

Saboda haka, duk katakon da ka saya, ka jingine shi a ɗakin da agogon zai zauna har mako biyu kafin zarto ya taɓa shi. Idan ka zo yanka tagar lambobi, ka bar ratar milimita 1 a kowane gefe, ka ɗan zagaye kusurwoyin, sannan ka riƙe gilashin da silikon mai laushi maimakon gam mai ƙarfi.

Suwaidi yana da sauƙin yanka da arha, sai dai yana da ƙulle-ƙulle, kuma zafi kan sa ƙaro ya tsattsafo daga cikinsu ya ɓata shafin. Katakon zan, wanda ake kira beech a Turance, yana da tauri da santsi, amma yana cikin katakan da suka fi motsi idan laima ta sauya, don haka ni ba zan yi fuskar agogo da shi a Jidda ba. Zaɓina shi ne saj, wanda ake kira teak a Turance. Duk wanda ya zaga Balad, tsohon garin Jidda, ya ga rawashin, wato tagogin katako masu turowa waje, da aka sassaƙa da shi suna tsaye duk da gishirin teku, domin yana da mai a jikinsa kuma bai cika motsi ba. Tsadarsa kada ta tsorata ka, akwatin agogo bai wuce tafin hannu biyu ba, ragowar yanka a wurin kafinta ta ishe ka. Abu ɗaya za ka kiyaye: man nan nasa yana hana gam kamawa, sai ka goge wurin haɗin da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, gab da mannawa. Idan ba ka samu saj ba, nemi mahogani, wanda na Afirka ɗan'uwan maɗacinmu ne. Murfin baya kuwa ka yi shi da ablakash, wato plywood, mai kaurin milimita 4, tunda an jera salansa ne a gicciye, kowane yana hana ɗan'uwansa lanƙwashewa.

Tanƙwarewar murfin naka ta samo asali ne daga shafin da ka yi wa fuska ɗaya, wadda ba a shafa ba ta riga ɗayar bushewa. Ka goge da samfefa mai lamba 120, sannan 180, sannan 220, kana bin tsawon jijiyar katakon, ka kaɗe ƙurar, ka shafa warnish siriri sau biyu ko uku ciki da waje daidai wa daida. Na fi son marar sheƙi, domin mai sheƙi yana mayar da hasken fitilar ɗaki ya hana ka karanta lambobi daga nesa. Idan man kattan, wato man linseed, ka zaɓa maimakon warnish, kada ka dunƙule tsumman da ka yi aiki da shi ka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Shimfiɗa shi a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a ruwa. Kada allon ya koma ciki sai warin shafin ya gushe gaba ɗaya.

Busasshen katako bai cika tare Wi-Fi ba, amma fenti mai garin ƙarfe ko falangen alminiyam kusa da eriyar ESP32 zai raunana siginar, agogon ya kasa daidaita lokacinsa daga intanet. Ka huda ƙananan ramuka a ƙasa da saman murfin baya don zafi ya fita, kuma ka bar cajar a jikin soket, wayar USB mai ɗauke da volt 5 kaɗai ta shiga akwatin.