Amsa ga Maman Ilham: rage tuwo ba sai da kuɗi ba

Maman Ilham, kin ce likita ya sa ki rage tuwo, shinkafa da burodi, kina kuma son abin da ba a yi wa feshi ba, ga aljihu ba nauyi. To, ki manta da kayan kanti masu tambarin ƙasar waje. A Katsina yawancin abin da kike nema tsirowa yake da kansa.

Tafasa, lalo da kuka ba mai ɓata kuɗinsa ya yi musu feshi. Da damina ki saya da yawa wajen matan ƙauye, ki shanya a inuwa, zai kai ki rani. Ni kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ne abincin ranata, ba gari, ba sukari. Da dare miyar kuka mai kauri da daddawa da busasshen kifi, tuwon kuma bai wuce loma uku ba (nan ne jihadin, wallahi).

Awara ta fi nama araha nesa ba kusa ba, kuma waken suya ba shi da sitaci irin na farin wake. Ga ƙwan zabi, ga riɗi. Nono ki sha zallansa, don fura gero ce.

Kabeji da latas na lambun rani kuwa ana yi musu feshi, komai rantsuwar mai sayarwa. Gara ki dasa zogale biyu a tsakar gida, ki shuka alayyafo a tsohon buhu da takin awaki. In ƙwari sun taso, ki jiƙa ganyen darbejiya ki yayyafa.

In kina shan maganin suga, ki sanar da likitan kafin ki rage abincin sosai.