Lahadi Ranar Aiki Ce a Riyad

TAMBAYA: Mama, ina gaisuwa. Ni 'yar Kagoro ce, ina aikin jinya a wani asibiti a Riyad, shekarata ta biyu ke nan. A gida ba na fashin sujada, ni ce ma mai buga tulu a zumuntar mata. A nan kuwa babu coci, Lahadi kuma ranar aiki ce. Da farko nakan saurari wa'azi a waya, yanzu in na durƙusa sai in ji kamar da bango nake magana. Wata uku rabona da buɗe Littafi Mai Tsarki. Bangaskiyata ce ta mutu? Ko in ajiye aikin in koma gida? Ga ƙannena uku, ni ke biya musu kuɗin makaranta.

AMSA: 'Yata, sannu da aiki, sannu da kewa. Wadda bangaskiyarta ta mutu ba ta damuwa har ta zauna ta rubuto wasiƙa.

Na yi shekara shida ina aikin ungozoma a Jidda. Lokacin da na je, Alhamis da Juma'a ake hutu. Ina can a 2013 aka mayar da shi Juma'a da Asabar. Ko ta ina aka juya, Lahadi ba tamu ba ce. Ta farko da na yi, a ɗakin ajiyar magani na sha kukana. Sai daga baya na gane cewa a gida jama'a ce ke ɗauke da ni: ƙararrawa ta tashe ni, maƙwabciya ta buga ƙofa, ganga ta ja ni. Da aka janye waɗannan, abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba. Abin da kike gani yanzu ke nan, kuma da shi za ki fara.

Wadda ta taimake ni ba ma Kirista ba ce. Wata Hajiya ce mai shara a ɓangarenmu, Bahaushiya haifaffiyar Makka, kakanninta da ƙafa suka ratso Sudan. Da ladan ya kira salla, ko me ke hannunta sai ta ajiye. Wata rana na tambaye ta, "Hajiya, kullum kike jin daɗin sallar nan?" Ta yi dariya ta ce, "Yarinya, wa ya ce miki sai an ji daɗi? Lokaci ne ya yi." Na koma ɗaki na buɗe Daniyel sura 6. Shi ma baƙo ne a Babila, babu Haikali, amma sau uku a rana yana durƙusawa kamar yadda ya saba. Ba a gaya mana abin da yake ji a ransa ba, an dai ce ya saba.

To ki yi amfani da abin da garin ya ba ki kyauta. Sau biyar a rana ake tuna wa kowa da Allah ta lasifika. Ni na ɗauki biyu, asuba da magariba, minti goma-goma. Ki bar dogon wa'azin waya tukuna, wanda ya daɗe bai ci ba da kunu yake farawa. Zabura ɗaya a rana ta isa. Guda 150 ne, wata biyar ke nan, sai dai ta 119 mai aya 176 ki rarraba ta. In kin kai ta 88 ki tsaya ki lura: mutumin ya fara da kuka, ya ƙare da duhu, ba a sami sauƙi a tsakani ba, amma aka bar addu'arsa a cikin Littafin. Ki karanta da murya, da Hausa, ko bakin ya bushe.

Tun da ke 'yar Kagoro ce, kin san tushen cocin ECWA. 'Yan mishan uku suka sauka Legas a 1893: Gowans, Kent da Bingham. Biyu suka rasu a 1894. Bingham ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya kore shi. Sai a karo na uku aka kafa tashar mishan a Patigi a 1902. Shekara tara babu abin nunawa, ke kuwa wata uku kike ƙirgawa.

Ki kiyaye dokar ƙasar: ban da wa'azi ga marasa lafiya, ban da rarraba takardu, ban da tara jama'a. Amma a masaukinku da wuya a rasa wata 'yar Filifin ko Kenya ko Indiya mai irin kewarki. Ku biyu kun isa, Matiyu 18:20 bai ce sai ɗari ba. Ni da wata 'yar Kerala ta Indiya muka riƙa yin addu'a da safiyar Juma'a, ƙofa a rufe, ita da yarenta, ni da nawa.

Batun komawa gida kuwa, kada ki yanke shi cikin wannan hali. Ki ƙarasa kwantiraginki, in hutun shekara ya zo ki je ki ci Jibin Ubangiji, ki buga tulunki har hannu ya yi zafi, sannan ki zauna da fastonki da iyayenki a yi shawara. Amma in har barci da abinci sun gagare ki, ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san wannan na likita ne, kada ki tsaya jan jiki.

In kin kai Zabura 30 ki sake rubuto mini, ki gaya mini kwana nawa kika tsallake. Ni a watana na farko goma sha ɗaya na tsallake.