Gonar gwaji: me ya kamata a sani game da ƙasarta da ruwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu ta manoma a wajen Shika ta samu aron gona mai faɗin hekta ɗaya. Muna so mu gwada irin masara uku a damina mai zuwa mu ga wanda ya fi. Wani ya ce sai an auna ƙasar tukuna. Dole ne? In dole ne, me ake aunawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dole ne ɗan'uwa, kuma wanda ya ba ku shawarar ya taimake ku. Idan ba ku san gonar ba, abin da za ku gani ranar girbi bambancin ƙasa ne, ku kuwa ku ɗauka bambancin iri ne.

Ku fara da ƙafa da baki kafin ku kashe ko kwabo. Ku nemi wanda ya noma gonar shekara uku zuwa biyar da suka wuce, ku tambaye shi abin da ya shuka, takin da ya zuba, da inda amfani ke yin kyau. Ku zagaya da shi. Inda Fulani suka taɓa yin mashekari, inda aka rushe suri, gindin gawo, wurin da ake jibge takin gida, duk waɗannan suna da ƙarfin da sauran gonar ba ta da shi. Inda wuta-wuta ta yi yawa kuwa, ƙasar ta gaji. Na fi ba wannan zagayen muhimmanci a kan takardar ɗakin gwaji, don takarda matsakaici take ba ka, matsakaici kuma yana ɓoye fako da dausayi a lamba ɗaya.

Sannan ku haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya a gefen tudu, wani a gefen gangare. A ƙasar Zariya sau da yawa sama yashi-yashi ne, laka na ƙaruwa in an nutsa, wani wurin kuma sai ka ci karo da tsakuwa ko marmara tun ba ka yi nisa ba. Saiwar masara ba ta ratsa marmara. Idan ka ga ɗigo-ɗigo masu launin toka da na tsatsa a bangon ramin, ruwa na kwanciya a nan da damina.

Samfurin da za a kai ɗakin gwaji ba daga wuri ɗaya ake ɗibarsa ba. A raba gonar gwargwadon yadda ido ya ga ta bambanta. A kowane ɓangare a ɗebi ƙasa daga wurare 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a cuɗa a bokitin roba mai tsabta, a ɗauki kamar rabin kilo a shanya a inuwa. Kada a zuba a tsohon buhun taki. Sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, suna kusa da ku. Ku nemi a auna tsamin ƙasa, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta, naitirojin, fosfaros, fotasiyam (sinadaran da ke ciyar da shuka), da rabon yashi da laka. Ƙasashen yankinmu galibi suna da ƙarancin naitirojin da fosfaros, tsaminsu kuma yakan tsaya tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH. Idan lambar ta yi ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, kamar yadda yakan faru a gonar da aka daɗe ana zuba wa takin zamani babu na gida, a yi maganarsa da masana kafin shuka.

Batun ruwa kuwa, Samaru na samun kusan milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi yawa a Agusta. Amma jimilla ba ta faɗa maka komai game da fari na kwana goma bayan tsiro, ko wanda ya zo lokacin da masara ke goyo. Hadarin farkon damina ma yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa. Saboda haka ku kafa ma'aunin ruwan sama a gonar, nesa da bishiya, mutum ɗaya ya riƙa karantawa kowace safiya yana rubutawa. Bayan ruwa mai ƙarfi ku je ku ga inda ya kwanta da inda ya yi zaizaya.

Duk wannan sani a wajen tsara filin yake amfani. Kada ku ba iri ɗaya tudu, wani gangare. Ku yanka gonar gida uku ko huɗu a gicciyen gangaren, kowane gida ya ƙunshi irin ukun gaba ɗaya, a jefa ƙuri'a wajen zaɓar wa kowanne gurbi. Rana ɗaya za a shuka, taki ɗaya, noma ɗaya. Wurin suri da gindin gawo a bar su a waje. Idan kuna da halin jira, ku shuka iri ɗaya tak a gonar bana ba tare da taki ba, tsawon karan zai nuna muku inda za ku ja iyakokin gidajen baɗi.