Amsa: Wace gasa ɗaliba 'yar SS2 za ta shiga?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce 'yarki tana SS2 a nan Kano, lissafi ya zauna mata a kai, kina neman gasar da za ta kai ta ga tallafin karatu. Allah ya ƙara mata basira.

Ki fara duba InterswitchSPAK, don 'yan SS2 aka shirya ta, kuma kyautar waɗanda suka yi nasara kuɗin karatun jami'a ne. Sai Cowbellpedia, wadda ta yi suna da lissafi, ana nuna zagayen ƙarshe a talabijin. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja ma tana shirya gasar lissafi da ake kira Olamfiyad, daga nan ake zaɓar masu wakiltar Najeriya a waje. Ni dai wannan na fi ganin darajarta, ko da ba a cika jin ɗuriyarta ba. In kuma tana da alƙalami a Turanci, akwai gasar rubutun insha'i ta Gidauniyar UBA.

Amma Hajiya, kar ki bar komai hannun makaranta. Ƙanena ya sha wannan: an karɓi hotonsa da sunansa, takardar ta kwana a aljihun teburin wani malami har aka rufe rajista. Ki je da kanki ki ga malamin lissafinta, ki nemi ya nuna miki shaidar rajista. Ki kuma samo mata tsofaffin tambayoyi, ta riƙa yi bayan Magariba tana kallon agogo, don saurin amsa na cikin abin da ake gwadawa.