Tambaya da Amsa: Yaya ƙwayar yis ke gane ta shiga matsi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar kimiyyar halittu ce. Ƙwayar yis, wato ɗan ƙaramin fangas ɗin da ke sa ƙullin burodi ya tashi, ba ta da jijiya ba ta da ƙwaƙwalwa, to ta yaya take sanin gishiri ya yi yawa a inda take, har ta kare kanta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba gishirin kansa take ji ba, ƙarancin ruwan jikinta take ji. Da zarar gishiri ko sukari ya fi yawa a waje, ruwa ya kan tsiyaye daga cikinta cikin daƙiƙoƙi, ta motse. A jikin fatarta akwai furotin biyu masu gadi, Sln1 da Sho1. Sln1 abin mamaki ne, domin a zaman lafiya yake aiki: yana miƙa fosfet, ɗan sinadarin da ke kunna furotin ko ya kashe shi, ga furotin Ypd1, shi kuma ya miƙa wa Ssk1, wannan ne ke riƙe hanyar saƙon matsi a rufe. Idan ƙwayar ta motse sai Sln1 ya yi shiru, Ssk1 ya kuɓuta ya tada Ssk2 da Ssk22, su tada Pbs2, shi kuma ya liƙa wa Hog1, furotin da ke isar da saƙon, fosfet a wuri biyu.

Cikin 'yan mintuna Hog1 ya shige cibiyar ƙwayar, ya buɗe ƙwayoyin gado irin su GPD1 mai sarrafa giliserol. A daidai lokacin, ƙofar Fps1 da giliserol ke fita ta cikinta ta rufe. Giliserol ya taru, ya jawo ruwa ya dawo. Ɗakin gwajin Michael Gustin a Amurka ne ya bayyana Hog1 a 1993, kuma ɗan'uwansa a jikin mutum shi ne p38, wanda ke da hannu a harkar kumburi.

Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne kashe saƙon. Furotin Ptp2 da Ptp3 da Ptc1 su ke cire fosfet ɗin idan ruwa ya dawo. Hog1 da ya zauna a kunne guba ne: ƙwayar da aka cire wa ƙwayar gadon SLN1 ba ta rayuwa, saboda hanyar ta zauna a buɗe. Maganin feshi na fludioxonil ma ta nan yake kashe fangas, ya sa shi tara giliserol ba tare da dalili ba har ya kumbura.

Tambaya: Malamai, na gwada auna tashin Hog1 a ɗakin gwaji. Sai in ga wanda ban sa wa gishiri ba shi ma ya nuna alamar fosfet a jikin Hog1, wani lokacin kuma babu alama ko a wanda na sa wa. Ina matsalar?

Amsa: Malam, yawanci lokaci ne da yadda kake kwasar ƙwayoyin. Ka raine su a digiri 30 na Salshiyas har OD600, ma'aunin yawan ƙwayoyi a ruwan raino, ya kai wajen 0.5, wato suna tsakiyar girma. Tsofaffin ƙwayoyin da abinci ya ƙare musu sun riga sun shiga wani matsin, za su rikita maka sakamako. Ka zuba gishiri ya zama mola 0.4, kimanin giram 23 a lita ɗaya, ka ɗebi samfur a minti 0, 5, 10, 20, 30 da 60. A wannan ƙarfin, fosfet yana kai ƙololuwa a wajen minti 5, ya sauka kafin ko kusa da rabin awa. Wanda ya jira awa guda kafin ya ɗeba ba zai ga komai ba, sai ya ɗauka gwajin ne ya lalace.

Alamar da kake gani a samfurin da babu gishiri kuwa, hannunka ne ke jawo ta. Ajiye ƙwayoyi masu rai a ƙanƙara ko daɗewa ana juya su a injin tacewa matsi ne a wurinsu. Ka tsayar da komai nan take da asid ɗin TCA (trichloroacetic acid), ko ka tace ka daskarar a ruwan naitirojin. Sannan ka haɗa da ƙwayar da aka cire wa ƙwayar gadon PBS2 ko HOG1, wadda bai kamata ta nuna alama ba. Idan ta nuna, sinadarin ganowarka yana kama wani furotin ne daban.

Tambaya: Da gaske ne ɗan zafi kaɗan yana sa yis ya jure babban zafi?

Amsa: Gaskiya ne. Yis da aka raina a digiri 25 aka jefa shi kai tsaye a 50, galibinsa mutuwa yake yi. Amma in aka fara ajiye shi a 37 na rabin awa, masu tsira su kan ƙaru sosai. Zafi yana warware furotin su cure. Hsp70, furotin mai gyara, da ke riƙe da Hsf1, mai kunna ƙwayoyin gado, sai ya sake shi ya tafi gyara, Hsf1 kuma ya sa a ƙera ƙarin masu gyara, ciki har da Hsp104 mai warware curin, wanda ɗakin gwajin Susan Lindquist ya nuna muhimmancinsa a 1990. Ƙwayar tana kuma tara sukarin tirehalos don kare furotin da fatarta. Ba yis kaɗai ba ne: a jikin ƙudan 'ya'yan itace Ferruccio Ritossa ya fara ganin wannan martani a Italiya a 1962.

Kariyar tana tsallaka iyaka. Audrey Gasch da abokan aikinta sun nuna a 2000 cewa ƙwayoyin gado kusan 900 suna sauya aiki a kusan kowane irin matsi, wajen 300 su tashi, 600 su kwanta, yawancin masu kwanciyar na ƙera furotin da girma ne. Saboda haka ƙwayar da ke kare kanta ba ta saurin hayayyafa, kuma ɗan matsin gishiri yana iya shirya ta ta jure sinadarin faroksayid daga baya.