Likita, wankin haƙori da inji yana sa haƙora su yi girgiɗi?

Tambayoyin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan wankin haƙori da na'ura suke, don haka na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Likita, wannan abin mai ƙara da fesa ruwa da kuke sa wa mutum a baki, huda haƙori yake yi?

Amsa: Ba ya huda komai. Siririn ƙarfe ne mai karkarwa da sauri, karkarwar ce ke farfasa dattin da ya daskare a jikin haƙori. Iri biyu ne. Mai aiki da iska yana karkarwa sau 3,000 zuwa 8,000 a daƙiƙa guda. Mai aiki da lantarki kuwa yana kai sau 25,000 har sama da haka. Ruwan kuma sanyaya ƙarfen yake yi, ya wanke abin da aka farfasa. Tun shekarun 1950 ake amfani da shi, ba sabon abu ba ne.

Tambaya: Likita, dasashina yana jini duk lokacin da na yi burushi, bakina kuma yana wari. An ce in je wankin haƙori, amma maigida ya hana. Ya ce yayarsa ta yi, haƙoranta suka buɗe, biyu suna girgiɗi, wai injin ne ya kankare su. Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Malama, wannan maganar ta ci haƙoran mutane da yawa, don haka ki ba ni aron hankalinki, in da hali ki karanta wa maigidan.

Kullum akwai wani farin datti mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Burushi da aswaki suna cire shi. In aka bar shi kwanaki, sinadaran da ke cikin yawu sai su sandarar da shi ya yi tauri, daga nan kuma babu burushin da zai iya da shi. Ki ɗauki madubi ki duba bayan haƙoranki na gaba na ƙasa, inda harshe ke taɓawa. A nan ya fi taruwa, domin a nan yawu ke ɓulɓulowa. Za ki ga abu rawaya ko ruwan ƙasa ya cike tsakanin haƙoran, a bakin mai cin goro ko taba har baƙi yake yi.

Wannan abu ba zama kawai yake yi ba. Yana kumbura dasashi, shi ya sa kike ganin jini. A hankali ya gangara ƙarƙashin dasashin, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya rinƙa zaizayewa. Abin takaicin, ba ya ciwo. Mutum zai shekara goma ƙashin yana tafiya bai sani ba.

To me ya sami yayar maigida? Kin san yadda gara ke cinye gindin dirka ta lulluɓe wurin da ƙasarta. Ranar da aka kaɓe ƙasar sai dirkar ta kama rawa, amma ba mai kaɓewar ne ya cinye itacen ba. Haƙoranta sun daɗe da rasa ƙashi, dattin ne ya manne su da juna. Da aka cire shi, kumburin dasashi kuma ya saɓe, sai giɓin da ke ɓoye ya bayyana. Da ta zo shekaru biyar kafin nan, da ba ta ga giɓin ba. Da kuma ba ta zo sam ba, haƙoran da kansu za su zube.

Batun kankare haƙori kuwa, farin ɓawon da ke rufe haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. A hannun wanda ya iya, gefen ƙarfen ake jinginawa a hankali ana tafiya da shi, ba tsininsa ake dannawa ba. Abin da za ki ji bayan an gama shi ne tsami in kin sha ruwan sanyi, na kwanaki kaɗan zuwa mako ɗaya ko biyu, da ɗan jini a ranar farko. Man goge baki irin na masu tsamin haƙori, kamar Sensodyne, yana taimakawa. In dattin ya yi zurfi, ki ce a yi miki allurar kashe zafi, ba abin kunya ba ne.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum sama da biliyan ɗaya ke fama da wannan ciwon dasashi mai tsanani. Jinin da kike gani shi ne gargaɗin farko, kuma a wannan matakin ana warkewa sarai. Ƙashin da ya tafi ne ba ya dawowa. Ki lallaɓi maigida ku je tare. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Malam Aminu Kano, da manyan asibitocin jiha da dama. Kada ki bari sai haƙori ya fara motsi.

Tambaya: Likita, masu wankin haƙori na kasuwa suna sa wani ruwa a auduga, nan take haƙori ya yi fari tas, kuma da araha. Ya ka gani?

Amsa: Innalillahi. Ɗan'uwa, ruwan da zai faranta haƙori cikin minti ɗaya, me kake zaton yana ciki in ba asid ba? Farin da ka gani ɓawon haƙorinka ne ya narke, kuma ba ya tohowa. Na ga saurayi da haƙoransa na gaba suka koma garas-garas, iska ma in ta shiga bakinsa sai ya dafe kunci. Dattin da ke ƙarƙashin dasashi kuwa yana nan daram, audugar ba ta kai can. Ga ƙarfen da aka sa a bakin wani aka goge da tsumma aka sa a naka: hanyar ciwon hanta ke nan da ƙanjamau. Masu goga lemon tsami da toka da gawayi, da masu ƙwaƙule haƙori da reza ko allura, su ma haƙoransu suke lalatawa. Don Allah ku bari. In ka riga ka yi, ka zo a duba ka.

Tambaya: Na ga ana tallar ƙaramar na'urar a intanet, in saya in rinƙa yi da kaina?

Amsa: A'a. Ba ka ganin bayan haƙorinka, balle ƙarƙashin dasashi. Za ka yanke kanka ka bar dattin.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, dasashina yana jini. Zan iya yi?

Amsa: Ƙwarai, kina ma cikin watannin da ya fi daɗin yi. Juna biyu yana ƙara kumburin dasashi. Ki dai faɗa musu kina da ciki.

Tambaya: Mahaifina yana da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, yana kuma da ciwon suga.

Amsa: Ku faɗa wa likitan haƙori tun kafin Baba ya zauna a kujera. Akwai nau'in injin da ke aiki da maganaɗisu, ana kauce masa ga masu wannan na'ura, musamman tsofaffin samfuri, sai a yi da wani nau'in ko da kayan hannu. Ciwon suga kuwa dalili ne na zuwa, domin shi da ciwon dasashi kowanne yana rura ɗan'uwansa, kuma gyara dasashi yana taimakawa wajen saukar da suga. Ya ci abinci ya sha maganinsa kafin ya zo. In yana shan maganin tsinka jini, ko an taɓa yi masa aikin zuciya, wannan ma a faɗa. Mai tarin fuka da bai warke ba shi ma ya faɗa, saboda feshin ruwan yana ɗaukar ƙwayar cutar ya watsa a ɗakin.

Tambaya: Ni aswaki nake yi kowace salla. Sai na yi wankin?

Amsa: Madalla, ka ci gaba. Yana hana sabon datti taruwa, amma wanda ya riga ya sandare sai inji ko kayan hannun likita. Je ka a duba.

Tambaya: Ana yi da azumi?

Amsa: Ruwa yana cika baki, ko da ana zuƙe shi da tiyo wani kan zarce maƙogwaro. Hukuncin na malamai ne. Ni dai shawarata a yi kafin watan ko bayan salla, sai in akwai kumburi da ciwo, wannan kam ba a jira.

Tambaya: Sau nawa ake yi?

Amsa: A duba baki duk wata shida, a wanke in akwai abin wankewa. Mai suga, mai shan taba da wanda ƙashinsa ya fara tafiya, duk wata uku ko huɗu.