Kundin Ayyukanka a Waya da Kwamfuta: Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Tambayoyin wannan makon sun zo daga mutane masu sana'o'i daban-daban, amma duk rijiya ɗaya suke ɗiba: yadda mutum zai tattara shaidar aikin da ya yi, ya ajiye ta inda ba za ta salwanta ba, ya kuma fito da ita ranar da aka ce masa "nuna mana". Ga waɗanda na tsamo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, shekarata 9 ina koyarwa. Na nemi wani aiki, sai aka ce in turo kundin ayyukana ta intanet, ba takardar tarihin aiki kaɗai ba. Na duba na ga ba ni da komai sai shaidar kammala karatu. Wani ya ce sai na sayi sabuwar kwamfuta da na'urar sikanin. Dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mayar da kuɗinki jaka tukuna.

Takardar tarihin aiki cewa take yi "na iya". Kundin ayyuka kuwa cewa yake yi "ga shi, ku duba". Gani ya kori ji, shi ya sa masu ɗaukar aiki suke nemansa. Kuma ban yarda ba ki da komai ba. Wadda ta yi shekara 9 a gaban allo tana da tsarin darasi da ta rubuta da hannunta, da tambayoyin jarrabawa da ta tsara, da kayan koyarwa da ta haɗa da kwali da almakashi, wataƙila har da takardar yabo ko shaidar wata bita da ta halarta. Suna nan ƙasan akwati, ba ki ɗauke su a bakin komai ba ne kawai.

Sai dai tarin hotuna ba kundi ba ne. Abin da ke mayar da tari ya zama kundi shi ne 'yan layuka 3 ko 4 da za ki rubuta ƙarƙashin kowane abu: wace matsala kika tarar, me kika yi, me ya biyo baya, me za ki canja in za ki sake. Maimakon ki sa hoto ki rubuta "darasin lissafi", faɗi yadda yara suka kasa gane rabi da kwata a allo, kika raba musu takarda suka ninka da hannunsu, washegari mafi yawansu suka amsa daidai, amma darasin ya ci lokaci fiye da yadda kika tsara. Wannan maganar ta ƙarshe, wadda mutane ke jin nauyin rubutawa, a kanta mai tantancewa zai fi tsayawa, don ita ke nuna masa kina waiwayar aikinki. Ke ma za ki ci moriyarta. Bayan shekara 2 in kika karanta abin da kika rubuta, za ki ga inda kika ci gaba da inda kike ta maimaita kuskure ɗaya.

Ki yi kundi 2. Ɗaya rumbu, wanda ke kaɗai kike buɗewa, kina zuba komai a ciki, mai kyau da maras kyau. Ɗaya kuma na fita kunya, wanda za ki riƙa ɗebowa daga rumbun gwargwadon wanda zai gani. Ga wannan aikin da kike nema, abu 6 zuwa 8 sun wadatar. Mai tantancewa yana da tarin wasu a gabansa, ba zai buɗe fayil 40 ba.

Batun saye kuwa, wayarki ta isa. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda ta mayar da ita PDF, wato fayil mai riƙe takarda yadda take, haka ma Adobe Scan. Shimfiɗa takardar kusa da taga da rana, ki kula kada inuwar hannunki ta faɗa mata. Ki riƙe PDF da kyau: kamfanin Adobe ya fito da shi tun 1993, a 2008 kuma ya zama ma'aunin duniya da kowa ke da damar amfani da shi, shi ya sa yake buɗewa a kowace na'ura ba tare da rubutu ya hargitse ba. Na'urar sikanin ba ta cancanci kuɗinki ba sai in kina da ɗaruruwan shafuka, a nan ma ki nemi mai jan takarda da kanta, ki saita ta a ɗigo 300 kowane inci. Sunan fayil ya fara da shekara da wata, kamar 2024-03 sannan sunan darasin, sai ki ga sun jeru da kansu. Sunayen yara kuma ki rufe su, fuskokinsu kada su fito sai da izinin iyaye da makaranta.

Tambaya: Ina yi wa mutane zanen tambari da katin gayyata a kwamfuta. Duk ayyukana na ɗora su a Facebook da Instagram, nan nake tura masu son gani. Wannan bai isa ba? In bai isa ba, in biya kuɗin ma'ajiyar intanet ne ko in sayi faifan ajiya?

Amsa: Ƙanena, don baje koli ya isa. Don ajiya kuwa, ka zuba hatsinka a rumbun maƙwabci ne, kuma makullin yana hannunsa.

Ba tsoratarwa nake yi ba, an sha gani. A watan Oktoba na 2009 Yahoo ya rufe GeoCities, inda ɗimbin mutane suka yi shekaru suna zuba rubutu da hotuna. Vine, dandalin gajerun bidiyo, ya tafi a farkon 2017. Google+, dandalin sada zumunta na Google, ya bi baya a watan Afrilu na 2019. Wata guda kafin nan, MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon kimanin shekara 12 sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. Mawaƙin da bai riƙe kwafin waƙarsa ba, a nan ya rabu da ita. Ko kamfani bai rufe ba, asusunka na iya rufuwa, ko wani ya ƙwace shi. Google ma, daga watan Disamba na 2023, ya ba kansa damar goge asusun da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Akwai kuma asarar da ba a ganin ta. Waɗannan dandali suna matse hoto don ya yi sauƙin buɗewa, saboda haka abin da za ka sauko da shi daga can ba shi ne ka ɗora ba. Haka WhatsApp yake yi, sai in ka tura hoton a matsayin fayil. Ranar da mai tambari ya dawo ya ce yana so a buga shi a babban allo, matsattsen hoton nan ba zai yi maka komai ba. Asalin fayil ɗin da ka yi aikin a kai, shi ne dukiyarka.

Masu harkar ajiyar bayanai suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan nau'in ajiya 2, ɗaya daga ciki a wani wuri da ba inda kake ba. A wurinka wannan na nufin kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan waje, kwafi a ma'ajiyar intanet. Ka ga ke nan ba "ko wannan ko wancan" ba ne. Amma in kuɗin na ɗaya ne, fara da faifan, don saye ɗaya ne ba biyan wata-wata ba, sannan ka zuba zaɓaɓɓun ayyuka a ma'ajiyar kyauta. A lokacin da nake wannan rubutu Google yana ba da gigabait 15, wanda kake rabawa da Gmail da hotunanka, OneDrive da iCloud 5 kowanne, Dropbox kuma 2. Sai ta cika da aikin gaske, ba da bidiyon barkwanci ba, sannan ka yi maganar biya.

Faifan ma iri biyu ne. Tsohon samfuri yana da faranti mai juyawa a ciki, ya fi araha a yawan abin da yake ɗauka, amma faɗuwa ɗaya yana aiki na iya gamawa da shi. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya fi jure jijjiga, sai dai ya fi tsada, kuma ba a son a jefa shi a durowa shekara da shekaru ba a haɗa shi da wuta ba. Wanda zai zauna a gida, ɗauki mai faranti. Wanda zai riƙa yawo a jaka, SSD. Filash kuwa ɗan aike ne, ba ma'aji ba. Ni da kaina na taɓa tara rubutun shekara 3 a guda ɗaya, ya bi aljihun riga zuwa wanki, har yau in na tuna sai na ji wani iri. Kuma akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai ka cika su sannan ka tarar fayilolin farko sun lalace. Duk wanda ka saya, cika shi ka buɗe abin da ka zuba kafin ka ba shi amana.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina so in fara irin wannan kundi, amma duk aikina a jikin marasa lafiya yake. Me zan sa a ciki?

Amsa: 'Yar'uwa, da kika tsaya kika tambaya kin riga kin tsallake rami. Hoton majiyyaci, katinsa, sakamakon gwajinsa, babu ɗaya da zai shiga, ko da an rufe suna. Shekaru da irin ciwo da ranar kwanciya kaɗai sun isa wanda ya san mutum ya gane shi. Hoton waya ma yana ɗauke da ranar da aka ɗauka, wani lokaci har da wurin, a ɓoye cikin fayil ɗin.

Naki kundin na rubutu ne. Dubi yadda ake yi a Birtaniya: tun watan Afrilu na 2016, hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta wajabta wa kowa sabunta rajista duk shekara 3, da shaidar aikin awa 450, da awa 35 na ƙarin ilimi, da rubutu 5 na waiwaye, inda mutum zai faɗi abin da ya faru, abin da ya koya, da yadda ya canja aikinsa, ba tare da an iya gane kowa ba. Ko ba a can kike ba, tsarin abin aro ne. Bayan ranar da wani abu ya tsaya miki a rai, zauna minti 10 ki rubuta shi tun yana da ɗumi. Haɗa da shaidar bitoci da kwasa-kwasai. Wannan kundi ba na bainar jama'a ba ne, ki sa masa kalmar sirri, kada kuma ya zauna a kwamfutar wurin aiki, don ranar da kika bar wurin ba lallai a bar ki ki kwashe ba.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a shekarar ƙarshe, ina koyon rubuta manhaja. Wani ya ce zai yi mini rajistar adireshin intanet da sunana in na biya shi. In yi? Ko in tsaya a LinkedIn?

Amsa: Je ka inda masu neman irinka suke leƙawa. Mai rubuta manhaja, GitHub. Mai zane, Behance. Mai bincike a jami'a ya yi rajistar ORCID, lambar shaida ce ta kyauta mai gurbi 16 da ke bin mutum duk inda ya koma. LinkedIn kuma, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, ya zama ƙofar da ke nuna hanya zuwa can. Ka dai tuna su ma suna canja hannu: Adobe ya sayi Behance a 2012, Microsoft ya sayi LinkedIn a 2016, ya ƙara da GitHub a 2018. Sabon mai gida, sabuwar doka. Lokaci-lokaci ka riƙa sauko da kwafin bayananka.

Adireshin kuwa haya ce, ba saye ba. Shekara-shekara ake biya, kuma sau da yawa kuɗin shekarar farko na jan hankali ne, na sabuntawa ya fi shi, don haka shi za ka tambaya. In ka yi sakaci wa'adi ya wuce, bayan ɗan lokaci wani na iya ɗaukar sunan. A ganina ka bari sai kana da ayyuka 3 da ba ka jin kunyar nunawa. In ka tashi yi, ka yi rajistar da kanka, da imel ɗinka. Wanda ya yi maka da nasa, adireshin nasa ne, ko da sunanka ne a jiki.

Tambaya: Mu teloli da ba mu yi boko mai zurfi ba, wannan magana ta shafe mu?

Amsa: Sosai ma, Maigida. Duk ɗinkin da ka gama, ɗauke shi hoto a wuri ɗaya mai haske kafin mai shi ya zo karɓa. In rubutu na ba ka wahala, naɗi muryarka na minti 1: wane yadi ne, ina ya ba ka wuya, yaya ka ɓullo masa. In mai kayan ne zai sa a ɗauka, nemi izininsa. Kuma kada ka tsaya a gaban riga kaɗai, juya ta ka ɗauki cikin ɗinkin, bakin hannu da wuya, don wanda ya san aiki can yake fara kai ido.